Mai Kunna Fitilar Motar Eugen

Tannweiler, farkon watan Maris

Dorle 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Torben da yara. Da fatan tarin ƙaramar ya sake ta. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da wannan kunnen. Na san kin kira ranar Lahadi. Na ɗauka, amma abin da nake sawa a kunne ya yi ta ƙara, ban tsinci komai ba sai "Mama, Mama". Shi ya sa na ce gara takarda. Malamarmu ta ajin yamma ma ta ce wanda ya koyi rubutu da furfura a kansa, in ba ya yi kullum, hannun zai manta. Ki yi haƙuri da layukan da suka karkace.

Maganar motar babanki ce ta zaunar da ni. Ranar Talata da safe na buɗe garejin gida, na tarar da fitilunta a kunne, waifa tana ta kai da komo a kan busasshen gilashi. Makulli kuwa yana aljihuna. Na tsaya a ƙofa na kasa shiga. Kin san halin Eugen, kafin ya fita sai ya kunna fitila ya gwada waifa, ko da rana tsaka ce. Tun da muka binne shi a kakar bara ban sake ganin haka ba sai ranar. Kafin in je in kirawo Lisbet maƙwabciya, komai ya mutu, har batir.

Lisbet ta ce, "Hedwig, mantuwa kika yi. Ni jiya tabarau na yi ta nema, ashe yana kan hancina."

Na ce mata, "Ke dama tun kina budurwa haka kike."

Mijinta ya jona mini batir ta tashi. Ban kai ta wurin dillalin da muka saye ta ba sai da na gyara ta, don ba zan bari a ce matar Eugen Bantle ta kawo mota da datti ba. Na wanke jikinta, na share cikinta, na buɗe bonet na bi injin da buroshi da ruwan sabulu. Suka riƙe ta 'yan kwanaki. Da na koma, Malam Kienzle, babban masu gyaransu, ya ce na'urarsu ba ta ga komai ba.

Ya ce, "Abin da muka fara nema marda ce, Uwargida Bantle. Kin san aikin wannan 'yar dabba, ta shige inji ta tattauna waya. Amma injin nan ya fi kicin ɗin matata tsafta, ko gashi ɗaya babu."

Na ji daɗin maganar. Ni ma na san ba ita ba ce. Babanki ya toshe kowace kafa a garejin nan, yakan ce ko ɓera sai ya nemi izini.

Sai Malam Kienzle ya ƙara da cewa, "Wani lokaci mutum yakan bar fitila a kunne bai sani ba. Masu shekarunki..."

Na ce, "Kai ka ƙirga mini su?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Garantin motar zai ƙare ƙarshen Mayu. In ba su ga laifin kafin nan ba, nawa ne ni kaɗai. Kuma kin san ƙauyen nan, in babu mota babu kanti, babu aji, babu zuwa wurin babanki.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina jin taku a ɗakin ajiya na can sama, gab da wayewar gari, da kuma in rana ta faɗi. Taku mai nauyi. Ya je, ya dawo, ya tsaya daidai saman gadonmu. Ba na jin tsoro sosai. Sannan har yanzu ƙwai biyu nake dafawa da hantsi, hannuna ya ƙi koyon ɗaya. Na biyun nakan kai shi kan teburin aikin babanki a gareji, inda yake cin nasa. Da can nakan je in ɗauke da yamma. Tun watan jiya ba na tarar da shi.

Kada ki gaya wa Torben wannan.

Mamanki,
Hedwig

*

Kiel, tsakiyar Maris

Mama,

Mun gode, duk muna lafiya, tarin ya tafi. Rubutunki ya yi kyau ƙwarai, babbar ma ta ce ya fi nata. Ina rubuto miki ne a ɗakin hutun asibiti, don haka a gurguje ne.

Mama, tsohon gida ne, katako yakan yi ƙara in sanyi ya fara saki. Ki daina kai ƙwai gareji, don Allah. Wataƙila kina ɗaukewa ki manta. Ba laifi ba ne, kowa yana yi, balle wadda ta yi shekara arba'in tana dafa wa mutum biyu. Ki liƙa 'yar takarda a sitiyari ki rubuta "fitila". Kina cin abinci kuwa? Kina shan maganin hawan jinin a kan lokaci?

In motar ta sake yi, ki sa su rubuta miki abin da suka duba, Torben ya ce yana da amfani in an zo maganar garanti. Ban gaya masa sauran ba.

Taki,
Dorle

*

Tannweiler, ƙarshen Maris

Dorle,

Ina gaishe ku duka. Ina ci, ina shan magani. Na liƙa takardar kamar yadda kika ce, ko da yake na ji kunya da Lisbet ta leƙa ta gani.

Motar ta sake yi, wannan karon ina ciki. Na je maƙabarta na dasa wa babanki furannin bazara, na share dutsen. A hanyar dawowa, daidai kwanar gonar tuffa ɗinsa, sai gilasan ƙofa huɗu suka sauka da kansu. Iska ta cika motar. Hon ya ɗauki kuka, dogo, bai yanke ba, sai inji ya mutu. Na samu na gangara da ita gefe. Ban taɓa komai ba, Dorle, hannuna biyu suna kan sitiyari. Na zauna ina kallon itatuwansa da ba wanda ya yi musu aski bana. Na ce, "Na sani, Eugen. Zan nemi wanda zai yi." Sai hon ɗin ya yi shiru.

Mai motar janwe ya zo, ya ce, "Kai tsaye wurin dillali, Inna?" Na ce a'a, gida tukuna. Ya dube ni, amma ya kai ni. Na hau hanyar gona da ita, duk taɓo ne a jikinta, ta yaya zan miƙa ta haka? Da na buɗe bonet na ga ɓawon ƙwai a kan inji, can gefe wajen batir. Kin tuna yadda babanki yake jingina da motar, bonet a buɗe, yana ɓare ƙwansa yana kallon injin kamar mai kallon talabijin? Na daɗe a tsaye. Daga baya na kwashe, na jawo tiyon lambu na wanke ko'ina fes. Shi da busasshen tsumma yake yi, ni kuwa na ga ruwa ya fi fitar da datti.

Washegari aka ja ta zuwa wurin dillali. Jiya Malam Kienzle ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera, har da kofi. Tun daga nan na san ba alheri.

Ya ce, "Mun samu ruwa a mahaɗar wayoyi. Ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, kuma sai an canja wayarin gaba ɗaya. Zai kusa Yuro dubu huɗu."

Na ce, "To, ai akwai garanti."

Ya ce, "Garanti na laifin kamfani ne. Ruwan nan ba kamfani ya zuba shi ba. Wa yake wanke injin?"

Na ce ni ce, amma motar ta fara haukanta tun kafin in taɓa tiyo. In ruwa ne, me ya kunna fitila a farkon wata? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wannan mun riga mun yi maganarsa." Na ce su buɗe can bayan injin, inda wayoyin suka shige, su duba da ido. Ya ce aiki ne na yini guda, kuma in ba a ga laifin kamfani ba ni zan biya shi a kan wancan.

Sai ya turo mini takarda in sa hannu a fara aiki. Da can babanki nake miƙa wa. Na sa tabarau na fara karantawa da yatsa. Yana ta buga biro a tebur.

"Uwargida Bantle, ba wani abu ba ne, kowa yana sa hannu."

Na ce, "Ni ba kowa ba ce, a hankali nake karatu. Ka sha kofinka."

A ƙasa an rubuta cewa na yarda laifin daga wurina yake. Na mayar masa da bironsa. Na sa an jawo mini motar, yanzu tana garejin gida, a mace. Lisbet tana sayo mini burodi. Na rasa aji sau biyu.

Takun yana nan. Kwanan nan har kamar ana jan wani abu a ƙasa.

Mamanki

*

Kiel, farkon Afrilu

Mama,

Muna gaishe ki. Na karanta wasiƙarki sau uku, ban iya cin abinci ba a ranar.

Zan faɗa miki gaskiya don ina ƙaunarki. Garejin a kulle yake, ke kaɗai ke da makulli. Ke kike kai ƙwan. Kin buɗe bonet kin ga ɓawo a kan inji. Mama, wa zai sa shi a wurin? A sashen da nake aiki kullum ina ganin yadda abin yake farawa. Wata takalminta ta sa a firji, ta rantse ɗanta ne. Ba ƙarya take yi ba, ba ta tuna ba ne. Ga shi kina magana da Baba a bakin hanya, kuma a wannan kwanar. Da mota ta taho daga sama fa?

Dole na gaya wa Torben. Ya kira Malam Kienzle, mutumin ya ce shi dai da mahaifiyarsa ce da ba zai bar ta ta sake tuƙi ba. Ya ce za su sayi motar a yadda take.

Na samar miki ganin likitan ƙwaƙwalwa a nan cikin watan Mayu. Kuma akwai gidan kula da tsofaffi kusa da mu, mai tsafta, ana hango teku ta taga. Wani ɗaki zai samu, na sa sunanki. Yara za su riƙa zuwa kullum bayan makaranta. Torben zai zo da babbar mota mu kwaso abin da kike so.

Kada ki yi fushi da ni. Ki ba Lisbet makullin motar ta ajiye.

Dorle

*

Tannweiler, bayan Ista

Dorle,

Ina gaishe ki da yara. Na samu wasiƙarki, na kuma samu katin da ya biyo baya mai cewa in amsa. Lafiyata lau. Ban amsa ba ne don duk lokacin da na ɗauki biro sai in ji kamar kina tsaye a bayana kina duba ko na sa takalmi a firji.

Da farko na yi fushi. Na ce wannan yarinyar da na goya ina shirin jarrabawar tuƙi, wadda aka yi mini da baki don ban iya karatu ba, yau ita za ta karɓe mini makulli. Amma fushi bai daɗe ba. Abin da ya zo bayansa ya fi muni. Na fara bin kaina. In na kashe murhu sai in koma in duba, in sake komawa. Na tsaya a gaban madubi ina faɗin sunayen jikokina. Ranar Ista a coci na rasa baiti na biyu na waƙar da na sani tun ina yarinya. Na ce ashe haka yake farawa. Wataƙila ni nake saukowa in ci ƙwan, in kunna fitila, in koma in kwanta. Wataƙila takun ma a cikin kaina yake, tun da kunnen da ba ya jin 'yata a waya ban ga yadda zai ji taku ba.

In haka ne, kin yi gaskiya, zan bi Torben ba gardama. Ba zan kashe ɗan wani a hanya don taurin kai ba. Amma sai na sani.

A gidanmu na gona, in ƙwai ya fara ɓacewa, mahaifiyata takan barbaɗa gari a ƙofar akurki, da safe ta ga wanda ya shiga. Yau da yamma na ɗauko fulawa da rariya. Na dafa ƙwai na ajiye a kan teburin babanki. Na barbaɗe ƙasan garejin kaf, ina ja da baya har ƙofa, da kan teburin, da kewayen motar. Na kulle, na kai wa Lisbet makullin gareji, ba na mota ba.

Ta ce, "Burodi za ki gasa a ƙasa?"

Na ce, "Ki riƙe dai. Ko na zo ina kuka kada ki ba ni sai gari ya waye."

Ta daina dariya, ta sa shi a aljihun rigarta.

Abu uku ne, Dorle. Ko in tarar da fulawa yadda na bar ta da ƙwai a wurinsa, kin ga ke nan ni ce nake yi duk kwanakin nan. Ko in ga sawun wani abu. Ko in ga sawun takalminsa, mai faci a dunduniyar hagu. Ba zan ɓoye miki ba, na ƙarshen nan zuciyata take so. Zan ajiye biro, in ƙarasa gobe.

Gari ya waye. Da Lisbet muka buɗe. Na ce ta fara dubawa, ta ce a'a, garejina ne.

Ƙwan ba ya nan. A kan fulawar akwai sawu, ƙanana, bibbiyu a jere, kowanne da yatsu biyar da tsinin farce. Sun sauko ta kan katakon da ke jingine da bango, sun hau tebur, sun sauka, sun shige ƙarƙashin mota, sun fito, sun koma sama. Na bi su da ido har inda bangon gareji ya haɗu da rufin gida. Akwai wata kafa a can da haske yake shigowa, inda iskar watan Janairu ta ɗaga rufin. Ban taɓa ɗaga kai na duba ba.

Lisbet ta ce, "Marda! 'Yar banza! Hedwig, ashe ke kike kiwonta, har da dafa mata!"

Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi. Daga nan na zauna a kan kujerarsa, dariyar ta juye, Lisbet ta rasa yadda za ta yi da ni. Ta yi ta cewa, "Ai labari mai daɗi ne, kanki ƙalau." Na ce na sani.

Kaina ƙalau, Dorle. Ba kowa a sama sai dabba.

Mamanki

*

Kiel, ƙarshen Afrilu

Mama,

Na yi kuka da na karanta. Ki yafe mini zafin wasiƙata. Ina so ya zama marda ce, Allah ya sani.

Amma ki bar ni in faɗi abin da ke raina. Ban ga sawun da idona ba, Lisbet kuma takan ga abin da kike so ta gani. Torben ya ce ko kyanwa ce. Kuma ko da dabba ta ci ƙwai, wannan bai nuna ita ta kunna fitila ba, tun da masu gyara sun duba ba su ga cizo ba. Don haka ban soke ganin likitan ba, ɗakin kuma sun ce za su riƙe mana zuwa ƙarshen Mayu.

Ga wata magana mai muhimmanci. Torben ya rubuta wa babban ofishin kamfanin, ya matsa musu sosai. Sun ce tun da ba a tabbatar da abin da ya fara jawo matsalar ba, suna iya ɗaukar rabin kuɗin don a rabu lafiya. Amma in kalmar marda ta shiga kunnensu, ko sisi ba za su bayar ba, don cizon dabba ba ya cikin garanti. Inshorar da Baba ya zaɓa kuma ƙarama ce, wayar da aka ciza kawai take biya. Torben ya ce ki share fulawar, kada ki ce wa Malam Kienzle komai. In an gyara da rabin kuɗi, motar za ta fi daraja wajen sayarwa.

Ki yi tunani, Mama. Ba yaudara ba ce, shiru ne kawai.

Dorle

*

Tannweiler, tsakiyar Mayu

Dorle 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Torben, ki ce na gode da wahalar da ya sha a kaina. Ki sumbaci yara. Gwiwa ta yi sauƙi da ɗumin nan. Tuffa sun yi fure duk da ba a yi musu aski ba.

Na yi tunanin kamar yadda kika ce. Na ga in na yi shiru, za a biya mini rabi, a sayar da motar da daraja, ni kuma in tafi kallon teku a matsayin tsohuwar da take sa ƙwai a inji. Rabin kuɗin nan da gidana zan saye shi. Ya yi mini tsada.

Mijin Lisbet ya kai ni gari. Na shiga ofishin Malam Kienzle ban jira kofi ba.

Na ce, "Marda ce. Tana shiga ta rufi. Ka aiko a ɗauki motar, ka buɗe bayan injin, ni zan biya yinin."

Ya ajiye biro ya ce, "Uwargida Bantle, kin san abin da kike faɗa kuwa? Surukinki ya kusa samo miki rabi. In na buɗe na ga haƙori, dole in rubuta."

Na ce, "Don ka rubuta na zo."

Wannan karon ban wanke ta ba. Na bar ta da ƙurarta da fulawarta, har da wani abin da dabbar ta bari a kan batir wanda ba zan rubuta sunansa ba. Da aka zo janta na shige gida na ja labule, don kada in ga idon mutanen layi.

Na ce ina so in tsaya a wurin in an buɗe. Ya ce ba a barin masu mota su shiga. Na ce to a kawo mini kujera bakin ƙofa. Wajen azahar ya fito da kansa, riƙe da damin wayoyi kamar kaurin hannuna. An tattaune shi a wuri uku, jan ƙarfen a waje, wasu wayoyin suna taɓa juna. Ya nuna mini ramukan haƙori, ƙanana kamar na allura. Ya ce in suka haɗu fitila ta kama, in suka rabu ta mutu, ruwana kuma ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

Ya ce, "Da kin kawo ta da dattinta tun farko, da a ranar za mu gani. Waya ɗaya za mu canja."

Na ce, "Da ka buɗe tun da na roƙe ka fa?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Laifin na mu biyu ne ke nan."

Na ce, "A'a, saura naka ɗaya. Ka gaya wa surukina da mahaifiyarka ce da ba za ta sake tuƙi ba. Ga waya can. Ka kira shi ina zaune."

Ya kira. Ban ji abin da Torben ya ce ba, amma na ga kunnen Malam Kienzle ya yi ja, na kuma karanci bakinsa sarai lokacin da ya ce, "Kuskurena ne." Na sa ya yanko mini guntun wayar, ga shi nan a cikin ambulan. Ki taɓa ramukan da yatsanki. Ki kai wa likitan in kina so, ya duba ta a madadina.

Garanti ya tafi, ba rabi ba kwata. Kada ku aiko da komai. Akwai kuɗin da ni da babanki muka ware na jana'iza, kowa da nasa, don kada mu ɗora miki nauyi. Nasa ya yi aikinsa. Nawa na ciro jiya. Yarinyar banki ta ce, "Kin tabbata, Inna?" Na ce mata ban shirya amfani da shi kwanan nan ba. In lokacin ya zo kafin in mayar, ki sa ni a akwati mai araha, ba zan yi ƙorafi ba.

Mai kula da daji ya zo ya hau sama. Ya sauko yana murmushi, ya ce uwa ce da 'ya'ya uku, a bayan tsohon akwatin kayan Kirsimeti. Doka ta hana a kore ta sai sun girma sun fita, don haka ba za a toshe rufin ba sai tsakiyar rani. Ya dai rufe hanyar gareji da ragar ƙarfe. Har yanzu ina jin su in rana ta faɗi. Na san ko su wane ne, na ga gashinsu a hannun mutumin. Duk da haka, in takun ya zo ya tsaya saman gado, sai in riƙe numfashi kafin in tuna. Ban san yadda gidan zai zama ba ranar da aka toshe. Wannan shi ne abin da nake tsoro yanzu, kuma ba abin da likita zai duba ba ne. Zan zauna in ji shi a nan, a ɗakina.

Ki mayar wa mutanen nan ɗakinsu, wata tana can tana jira. Motar za ta fito ranar Juma'a. In kin samu hutu a watan Yuni, ki hau jirgin ƙasa ke da yara, ki rubuto mini lokacin da zai iso. Kada ki nemi tasi. Ni zan zo in ɗauke ku a tasha.

Mamanki,
Hedwig